Inda Unguwa Ta Fara da Inda Ta Ƙare: Lissafin Netmas da Adireshin Shela

Shirin yau na biro da takarda ne. Wanda ke bisa hanya yana tuƙi ya saurara da kunne kawai, ya bar hannunsa a kan sitiyari. Wanda kuwa ke zaune a shago ko a ɗaki, don Allah ya jawo takarda kusa, saboda akwai lambobin da kunne kaɗai ba zai riƙe su ba.

Idan kuka buɗe saitin Wi-Fi a wayarku, ko saitin netwok a kwamfuta, za ku tarar da lambobi uku a jere. Na farko adireshin IP, misali 192.168.1.23. Na biyu shi ne wanda masu sana'ar ke kira netmas, ko sabnet mas, galibi 255.255.255.0. Na uku adireshin ƙofar fita, wato na rauta, misali 192.168.1.1. Na farko da na uku kowa ya ɗan san aikinsu. Na tsakiyan ne ake kwafa kamar yadda aka gan shi, ba a tambayar dalili. Matasanmu da yawa da ke haɗa netwok a makarantu da ofisoshi da shagunan intanet sun haddace 255.255.255.0, kuma yana yi musu aiki shekara da shekaru, har ranar da kwamfutoci suka yi yawa, ko aka ce a raba netwok ɗin ma'aikata da na baƙi. Ranar nan hadda ba ta fitar da mutum, sai lissafi. Lissafin kuma ba shi da wuya. Wanda ya iya ninka biyu da biyu, ya kuma iya ɗebe lamba daga 256, ya riga ya gama rabin aikin.

Kwamfuta ba ta ganin 192 ko 168. Abin da take gani jerin sifili da ɗaya ne guda 32, kowanne ana ce masa bit. Tun 1981 aka tsara haka, a takardar ƙa'idar da ta fito ta hannun Jon Postel a Amurka, wadda ta kafa tsarin da muke kira IPv4. Don sauƙin karatu aka yanka bit 32 ɗin kashi huɗu, takwas-takwas, aka sa ɗigo a tsakani. Bit takwas suna iya jeruwa ta hanya 256, shi ya sa kowane kashi ke farawa daga 0 ya tsaya a 255. Duk wanda ya rubuto muku adireshi mai 300 a ciki, ku san akwai kuskure tun kafin ku taɓa kwamfuta.

Kowane bit cikin takwas ɗin nan yana da nauyinsa. Ku rubuta daga hagu zuwa dama: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Zan maimaita: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. In kun tara su duka za ku sami 255. Ku bar wannan layin a saman takardarku, za mu yi ta komawa gare shi.

To, adireshin IP abu biyu ne a haɗe, sunan unguwa da lambar gida. A jikin wasiƙa ido na gane inda sunan unguwa ya tsaya, lambar gida ta fara. A adireshin IP babu wannan alamar. In na ce muku 192.168.10.77 na yi shiru, ba wanda zai iya faɗa mini unguwar, komai ƙwarewarsa. Netmas ne ke shata iyakar. Shi ma bit 32 ne, amma da sharaɗi: ɗaya-ɗaya ne a jere daga hagu, sai sifili-sifili a jere har ƙarshe, ba gauraye. Duk inda netmas ya sa ɗaya, wannan wurin a cikin adireshi na unguwa ne. Duk inda ya sa sifili, na gida ne. Saboda haka 255.255.255.0 na nufin ɗaya guda 24, sifili guda 8: kashi uku na farko unguwa, na ƙarshe gida. Shi ne ake taƙaitawa a rubuta /24, a baki kuma a ce silash 24.

Me ya sa kwamfuta ta damu da wannan iyaka? Saboda kafin ta aika kowane saƙo, komai ƙanƙantarsa, sai ta yi wa kanta tambaya guda: wannan da zan aika wa, ɗan unguwarmu ne ko baƙo? Tana ɗora netmas a kan adireshinta, ta ɗora shi a kan adireshin wancan, ta duba ko unguwar ta zo ɗaya. In ta zo ɗaya, sai ta yi cigiyarsa a cikin unguwa ta miƙa masa saƙon kai tsaye. In ta bambanta, ba ta ko wahalar da kanta, rauta take miƙa wa, shi ya san hanya. Duk aikin netmas ke nan, kuma a ganina wanda ya riƙe wannan tambayar ya fi wanda ya haddace jadawalin lambobi goma, domin shi ne zai iya gano matsala idan ta taso.

A farkon lamari ba a ba mutum zaɓi sosai ba. Aji uku aka yi. Ajin A yana ɗaukar na'urori sama da miliyan 16, ajin B yana ɗaukar 65,534, ajin C kuma 254. Jami'ar da ke da kwamfutoci dubu biyu, C ya yi mata kaɗan, sai a ba ta B, sauran adireshi sama da dubu sittin su zauna ba mai amfani da su. A 1985 Jeffrey Mogul da Jon Postel suka fitar da ƙa'idar yanka babbar unguwa zuwa ƙanana, abin da ake kira sabnet. A 1993 kuma aka kawo tsarin CIDR, aka ajiye azuzuwan nan, aka ce iyaka na iya faɗawa a kan kowane bit. Har yanzu za ku ji ana cewa "wannan ajin C ne", amma na'urorin yau silash suke dubawa.

Yanzu adireshin shela, wanda masu sana'ar ke ce wa burodkas. A kowace unguwa akwai adireshi biyu da ba a ba kowa. Na farkon fari, wanda duk bit ɗinsa na gida sifili ne, shi ne sunan unguwar kanta. Na ƙarshen ƙarshe, wanda duk bit ɗinsa na gida ɗaya ne, shi ne na shela: saƙon da aka aika masa kowane gida a unguwar zai ji, kamar mai shela ya tsaya a dandali. A 192.168.10.0/24, sunan unguwa 192.168.10.0, shela 192.168.10.255, gidaje daga 1 zuwa 254. Daga nan ne ƙa'idar ta fito: ku ƙidaya bit ɗin gida, ku ninka biyu da kanta sau adadinsu, ku ɗebe biyu. Bit takwas sun ba da 256, a cire biyu, saura 254.

Ga inda zan so ku natsu. A ce makaranta tana da 192.168.10.0/24, ana so a raba shi huɗu: ofishin shugaba, malamai, ɗakin kwamfuta na ɗalibai, da na baƙi. Raba su na da amfani biyu a fili. Shelar ɗaliban ba za ta riƙa damun ofis ba, sannan duk wanda zai tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan sai ya bi ta rauta, inda za a iya tare shi, kada baƙon da ya zo da wayarsa ya kai ga kwamfutar da ake ajiye sakamakon jarrabawa.

Don samun kashi huɗu, sai mu aro bit biyu daga ɓangaren gida mu ƙara wa unguwa, tunda biyu sau biyu huɗu ne. Silash 24 ya koma silash 26. Ku dubi layin da kuka rubuta a sama: bit biyu na farko su ne 128 da 64, jimilla 192. Netmas ya zama 255.255.255.192. Sai ku ɗebe 192 daga 256, ku sami 64. Wannan 64 shi ne taki, wato faɗin kowace ƙaramar unguwa. Ku yi ta taka shi daga sifili: 0, 64, 128, 192. Sunayen unguwanni huɗun ke nan. Adireshin shelar kowacce kuwa shi ne lambar da ke daf da farkon ta gaba. Ta farko ta fara a 0, shelarta 63, gidajenta 1 zuwa 62. Ta biyu ta fara a 64, shelarta 127, gidajenta 65 zuwa 126. Ta uku daga 128, shela 191. Ta huɗu daga 192, shela 255. Kowacce na ɗaukar na'urori 62, kuma kada a manta rauta ma na cin ɗaya a ciki.

Ku lura da wani abu. Da can gidaje 254 ne, yanzu 62 sau huɗu, 248. Shida sun tafi, domin kowace sabuwar unguwa sai ta ci sunanta da shelarta. Yanka na da tsada, don haka ba a yin sa sai da dalili.

Lambobin da za su iya fitowa a netmas ba su da yawa. Bayan sifili, takwas ne kacal, kuma ana samun su ta hanyar tara layin nan namu ɗaya bayan ɗaya: 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254, 255. In suna kashi na ƙarshe, 128 silash 25 ne, 192 silash 26, 224 silash 27, 240 silash 28, haka har 255 da ke silash 32. Kuka ga netmas mai 200 ko 250, babu shi.

(Gajeren kiɗa)

Madalla, masu sauraro, muna tare. Tambayar da ta fi zuwa a wurin aiki, kuma takan fito a jarrabawar masu neman takardar shaida irin CCNA ta kamfanin Cisco, ita ce ta baibai: an ba ku adireshi, a ce ku faɗi unguwarsa da shelarsa. Mu koma ga 192.168.10.77, amma yanzu da silash 27. Bit uku aka aro: 128, 64, 32, jimilla 224. Netmas 255.255.255.224. Taki, 256 a ɗebe 224, saura 32. Mu taka: 0, 32, 64, 96. Ina 77 ya faɗa? Tsakanin 64 da 96. Unguwarsa 192.168.10.64, shelarsa 192.168.10.95, gidaje 65 zuwa 94, guda 30.

Bari mu gwada shi yadda kwamfuta ke yi, don ku ga cewa takin nan yana da tushe. 77 shi ne 64 da 8 da 4 da 1, a bit ke nan 01001101. Netmas 224 kuma 11100000. Ku jera su ɗaya bisa ɗaya. Ku riƙe bit uku na farko na adireshin, 010, ku mayar da sauran biyar sifili: 01000000, wato 64. Ku mayar da biyar ɗin ɗaya-ɗaya: 01011111, wato 64 da 16 da 8 da 4 da 2 da 1, 95 daidai. Amsa ɗaya ce. Ina ba ɗalibi shawara ya yi ta wannan doguwar hanyar har sai hannunsa ya saba, kafin ya koma ga gajeriyar. Akwai manhajoji da ke yin lissafin nan cikin ƙiftawar ido, kuma ba laifi a yi amfani da su, amma wanda bai san tushen ba, ko manhaja ta ba shi amsa ba zai gane in ya shigar da lamba ba daidai ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne idan iyakar ta bar kashi na huɗu ta koma na uku. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma cibiyoyin jarrabawa sun yawaita a garuruwanmu. A ce wata cibiya tana da kwamfutoci 250, da wasu 25 na ko-ta-kwana, ga kuma saba da rauta. Silash 24 iyakarsa 254, ba zai ɗauke su ba. Maimakon a aro bit daga gida, nan gida za a ƙara wa bit ɗaya. Silash 23 ke nan, netmas 255.255.254.0. Bit ɗin gida sun zama tara, 512, a cire biyu, saura 510. Takin yanzu a kashi na uku yake: 256 a ɗebe 254, saura 2. Unguwanni na tafiya biyu-biyu: 8, 10, 12. Don haka 192.168.10.0/23 ya fara daga 192.168.10.0, ya ƙare a shela 192.168.11.255.

A nan akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai. A cikin wannan unguwar, 192.168.10.255 ba shela ba ne, gida ne kamar kowane gida. Haka 192.168.11.0. Ƙarewa da 255 ba shi ke sa adireshi ya zama na shela ba, sai in duk bit ɗin gida sun zama ɗaya. Mun kuma gani ɗazu 63 da 95 sun zama shela alhali ba su yi kama da ita ba. Sannan ba a fara silash 23 daga lamba mara. Wanda ya ce zai fara daga 192.168.11.0 ya kai 12.255, na'ura ba za ta yarda da shi ba, za ta lissafa shi cikin unguwar 10.

Ƙarin misali ɗaya, mai ɗan girma: 172.16.37.9 silash 20. Kashi biyu na farko sun ci bit 16, saura huɗu a kashi na uku: 128, 64, 32, 16, jimilla 240. Netmas 255.255.240.0, taki 16. Mu taka: 0, 16, 32, 48. 37 yana tsakanin 32 da 48. Unguwa 172.16.32.0, shela 172.16.47.255. Bit ɗin gida 12, wato 4,096, a cire biyu, 4,094. Hanyar ba ta canza ba, wurin da ake takawa ne kawai ya matsa.

Yanzu mu ga yadda kuskuren netmas ke bayyana, domin ba ya zuwa da ƙara. A ce kwamfutar akawu tana 192.168.10.20 da silash 26, firinta kuma tana 192.168.10.100 da silash 24, duka a suwic ɗaya. Firinta na kallon akawu a matsayin maƙwabci. Kwamfutar akawu kuwa unguwarta ta tsaya a 63, don haka a wurinta firinta baƙuwa ce, sai ta miƙa saƙon ga rauta. In rauta bai san yadda zai mayar da shi ba, aiki ya tsaya. Intanet na tafiya lafiya, fitilun suwic na kamawa, amma takarda ta ƙi fita. Sai a canza waya, a sake sa manhajar firinta, a ɓata yini guda, alhali lamba ɗaya ce ke buƙatar gyara. Haka in aka ba na'ura ƙofar fitar da ba ta cikin unguwarta, ko aka ba ta adireshin shela a matsayin nata. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa, kafin ya taɓa waya, yakan buga ipconfig a Windows ko ip addr a Linux, ya karanta lambobin nan uku, ya yi lissafinsa a kai.

Shela ma tana da iyakarta. Na'urar da ta shigo netwok ba ta da adireshi tukuna, ba ta san unguwa ba balle shelarta, sai ta yi kira da 255.255.255.255 tana neman sabar DHCP ta ba ta adireshi. Wannan kiran ba ya tsallake rauta da kansa. In ba ta sami amsa ba, za ku ga ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, kuma ganin wannan lamba kaɗai ya isa ya gaya muku inda za ku fara bincike. A ƙarshen shekarun 1990 kuma miyagu sun yi amfani da adireshin shela wajen kai farmakin da aka sani da Smurf. Sukan aika saƙon gwaji zuwa shelar wata babbar unguwa da adireshin wanda suke so su cutar, sai ɗaruruwan na'urori su amsa masa a lokaci guda har layinsa ya toshe. Saboda haka a 1999 aka sauya ƙa'ida, aka ce rauta ya daina shigar da shelar da ta zo daga waje sai in mai shi ya buɗe da gangan.

Wani zai ce, duk wannan tsumulmular adireshi ta mece ce? Bit 32 adireshi biliyan 4 da kusan miliyan 300 suke bayarwa, mutanen duniya kuma sun zarce haka nesa. A tsakiyar shekarun 1990 aka keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Su ne muka yi ta misali da su yau, kuma kowa na iya amfani da su a netwok ɗinsa ba tare da neman izini ba. Na fita duniya kuwa, hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunanta a watan Fabrairun 2011. A nahiyarmu AFRINIC ce ke rabawa, mai hedkwata a Mauritius. Kamfanin da ya ba ku silash 29 na adireshin waje, adireshi takwas ya ba ku, shida ne masu amfani, kuma kuɗi kuke biya. Tsakanin rauta biyu akan sa silash 30, adireshi huɗu, biyu masu amfani. Tun shekarar 2000 ma aka halatta silash 31 a irin wannan layin, tunda inda na'ura biyu ce kaɗai babu buƙatar shela. Sabon tsarin IPv6 mai bit 128 ya zubar da adireshin shela gaba ɗaya, amma silash na nan, kuma tambayar maƙwabci ko baƙo na nan, don haka abin da kuka koya yau zai bi ku can.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga aikin gida guda biyu, ku rubuta. Na farko: 10.20.30.200 silash 28. Ku nemo netmas, da sunan unguwa, da adireshin shela, da yawan na'urorin da za ta ɗauka. Zan maimaita, 10.20.30.200 silash 28. Na biyu: an ba ku 192.168.5.0 silash 24, ana so ku fitar da unguwa mai ɗaukar na'urori 100, da mai ɗaukar 50, da mai ɗaukar 20, ba tare da wata ta hau kan wata ba. Ku fara yanka babbar, sannan mai bi mata. A shiri na gaba da amsoshin za mu buɗe, in Allah ya kai mu.